TARIHIN MAKO: Daga Rigar Lauya Zuwa Kujerar Kakakin Majalisa

A wannan makon mun leƙa Sakkwato ne, mu bi sawun Aminu Waziri Tambuwal.

An haife shi a garin Tambuwal a 1966. Ya karanta shari'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya gama a 1991, ya zama cikakken lauya a 1992. A 1999 ya fara aiki a matsayin mataimaki ga Sanata Abdullahi Wali, ya ga yadda ake dafa doka tun daga murhu. Sai a 2003 mutanen Kebbe da Tambuwal suka tura shi Majalisar Wakilai a ƙarƙashin ANPP. Daga baya ya koma PDP.

A 2011 PDP ta ware kujerar Kakaki ga Kudu maso Yamma, ta tsayar da Mulikat Akande-Adeola. Tambuwal ya yi kunnen ƙashi, ya haɗa kai da 'yan adawa, ya ci da ƙuri'a 252, ita kuma 90.

Amma inda muke ganin lauyan ya fito fili shi ne ranar 28 ga Oktoba, 2014. Sashe na 68 na Tsarin Mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyar ta dare gida biyu. Wa ke da alhakin ayyana kujerar a matsayin wadda ba kowa? Kakakin ne da kansa! Tambuwal ya sanar da komawarsa APC, nan take aka ɗage zama zuwa 3 ga Disamba, sannan ya garzaya kotu. Ko da kun tsane shi, ku yarda ya karanta takardar.

Gwamnati ta janye masu tsaronsa. Da aka kira zaman gaggawa ranar 20 ga Nuwamba kan dokar ta-ɓaci a Adamawa, Borno da Yobe, 'yan sanda suka rufe ƙofa, suka harba barkonon tsohuwa. Da yawanmu mun tuna hoton 'yan majalisa da manyan riguna suna haura ƙofar ƙarfe. Duk da haka bai sauka ba sai da ya tafi karɓar rantsuwar gwamnan Sakkwato a 2015.

Har yau muna gardama a kan wannan: kare 'yancin majalisa ya yi, ko kare kujerarsa? Mu dai muna ganin duka biyun ne. Bayan shekara takwas a gidan gwamnati, ya dawo Abuja a 2023 a matsayin sanatan Sakkwato ta Kudu, a ƙarƙashin PDP ɗin da ya taɓa bari.