Yadda Aka Koya Wa Ƙurar Zinare Jera Kanta

Yau tarihin zinare na kawo muku, amma fa ba na sarƙa da awarwaro ba, wanda ido ba ya gani.

A gidan tarihin Birtaniya da ke Landan akwai wani kofin gilashi da Rumawa suka yi a ƙarni na 4, ana ce masa kofin Lycurgus. In haske ya faɗo masa ta gaba, kore ne. Ka sa fitila a bayansa, sai ya koma ja. Sai a 1990 masana suka leƙa da madubin lantarki suka ga sirrin: ƙwayoyin zinare da azurfa ne a warwatse cikin gilashin, kowace kusan nanomita 70. Wato kamar ka tsaga silin gashi gida dubu.

Maƙeran ba su san da ƙwayoyin ba. Michael Faraday ne, a 1857, ya haɗa wani ruwa jajawur daga sinadarin zinare, ya ce launin daga ƙanƙantar ƙwayoyin yake. Kwalabensa suna nan a Landan har yau.

To, ga matsala. Yin ƙwayoyin daban, jera su daban. Wa zai jera abin da ko hantsaki ba ya kamawa?

Nan ne wurin da ya fi burge ni. A 1996 Chad Mirkin da abokan aikinsa a jami'ar Northwestern ta Amurka suka liƙa wa ƙwayoyin zinare masu nanomita 13 gajerun zaren DNA. Shi zaren DNA ba ya kama kowa sai abokinsa. Da suka zuba zaren da ke haɗa ɓangarorin biyu, ƙwayoyin suka nemi juna da kansu, ruwan ya tashi daga ja ya koma shunayya. A ɗumama shi, su rabu, ja ya dawo. Zuwa 2008 an kai ga sa su tsaya sahu-sahu cikin tsari, ba hannun da ya taɓa su.

Kada ku ce abin na nesa ne. Jan layin da ke fitowa a yawancin tsinken gwajin maleriya da na ciki, ƙwayoyin zinare ne suka taru a wuri guda. Da shi ake yanke hukunci a ba yaro magani ko a nemi wata cutar.

Wane tarihi kuke so mu tono a gaba? Ku rubuta min a ƙasa. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.