Daga Tsohuwa Sora Zuwa Flor: Uwa A Tarihi Da Finafinan Filifin

Mai karatu, in ka taɓa zuwa Saudiyya na san ka ga matan Filifin a asibitoci ko a gidajen Larabawa suna aikatau. Da yawansu iyaye mata ne da suka baro 'ya'ya a gida. Ƙasar tasu kuwa ta daɗe tana karrama uwa, sai dai siffar uwar da ake karramawa ta sauya.

Ta farko ita ce Melchora Aquino, wadda ake kira Tandang Sora, wato Tsohuwa Sora. An haife ta a 1812. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya shida. Lokacin da ƙungiyar Katipunan ta yi wa Turawan Sifen tawaye a 1896, shekarunta 84. Ba ta ɗauki bindiga ba. Abin da ta yi shi ne ciyar da mayaƙan, da jinyar waɗanda aka raunata. Sojojin Sifen suka kama ta, suka yi juyin duniya ta tona asirin su Andres Bonifacio, ta ƙi. Sai suka yi gudun hijira da ita zuwa tsibirin Guam. Ba ta dawo gida ba sai 1903, bayan Amurka ta karɓi mulkin ƙasar. Ta rasu a 1919 tana da shekara 107. Daga baya an sa hotonta a takardar kuɗi ta peso 100, kuma a 2012 aka mayar da ƙasusuwanta wani gini na tunawa da ita a birnin Quezon.

Akwai kuma gumakan La Madre Filipina, wato Uwa 'Yar Filifin, da aka kafa a gadar Jones da ke Manila, waɗanda yaƙin 1945 ya taɓa. Waɗannan uwa ce ta dutse, ba ta kuka, ba ta bin bashi.

Fim ne ya kawo uwa mai jini a jika. A Maris 1995 gwamnatin Singafo ta rataye Flor Contemplacion, 'yar aikatau mai 'ya'ya huɗu, bisa laifin kashe wata 'yar ƙasarsu da wani ƙaramin yaro. Shugaba Fidel Ramos ya roƙa mata sassauci, aka ƙi. Mutanen Filifin da dama ba su yarda ita ta yi kisan ba, gari ya ɗau zafi. Shekarar ba ta ƙare ba sai da darekta Joel Lamangan ya fitar da fim kan rayuwarta, Nora Aunor ta fito a matsayin Flor. Fim ɗin ya lashe babbar kyauta a bikin finafinai na Alƙahira, ita ma Nora ta zama gwarzuwar jaruma. A shekarar ce kuma majalisa ta zartar da dokar kare 'yan ci-rani.

Ni dai a ganina fim ɗin Anak na 2000 ya fi taɓa zuciya, don babu kotu babu igiya a ciki. Vilma Santos ta fito a matsayin Josie, wadda ta shekara da shekaru tana aikatau a Hongkong tana turo kuɗi. Mijinta ya mutu ba ta samu zuwa jana'iza ba. Da ta dawo, sai ta tarar babbar 'yarta, wadda Claudine Barretto ta fito a matsayinta, ta tsane ta, ta lalace, ƙaramar kuma ba ta ma gane ta ba. Kuɗin da ta tara ya zurare, dole ta sake haɗa kayanta ta koma aikatau.