Tarihin Tulba: Zirin Binciken da Ya Taɓa Cika Allunan Kafe

Mai karatu, idan ka taɓa zama a kafe a Zariya tsakanin 2008 da 2014, akwai abin da ka gani ko da ba ka san sunansa ba. Ka buɗe burauza, sai ka tarar da saman allon a cike da zirara, ɗaya bisa ɗaya. Wannan na Google, wancan na Yahoo, na ƙasansa na Ask, ga wani mai 'yan hotunan fuskokin dariya da ba wanda ya san daga inda ya fito. Kowanne da ɗan akwatinsa na bincike. Shafin da ya kawo ka kuwa an matse shi can ƙasa. Waɗannan zirara su ake kira tulba.

Ni ma na sha wannan. A 2013 na taso daga Hunkuyi zuwa Samaru don rajistar JAMB, kamar yadda ɗalibai da yawa daga Kudan da Makarfi da Ikara kan yi a lokacin. Na biya kuɗin awa ɗaya a wani kafe. Zirara biyar na ƙirga a kwamfutar da aka ba ni. Na rubuta abin da nake nema a akwatin da ya fi kusa da hannuna, sai ya kai ni wani shafi mai cike da tallace-tallace. Kafin mai kula da shagon ya zo ya fitar da ni, rabin awata ta tafi, dole na ƙara biya daga kuɗin motar komawa gida. A ranar na ɗauka rashin iyawata ne. Sai da na yi karatu na gane cewa abin da ya same ni tsararren kasuwanci ne, kuma yana da tarihi.

Tambayar da za mu bi ita ce: shin tulba ta taɓa yin amfani kuwa? Amsar ta danganta da shekarar da ka yi tambayar.

Lokacin da burauza ba ta da akwatin bincike

Yau in ka ɗauki wayarka, wuri ɗaya kake rubuta komai, adireshin shafi ne ko tambaya. A ƙarshen shekarun 1990 ba haka abin yake ba. Burauzar da ta mamaye duniya a lokacin, Internet Explorer, wurin rubuta adireshi ne babban abin da ta tanada. In kana son bincike, hanyar da aka saba ita ce ka fara zuwa shafin injin binciken, ka jira ya buɗe, sannan ka rubuta tambayarka. Ga mai intanet mai tafiyar hawainiya, wannan ƙarin matakin ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan giɓin tulba ta zo cikewa. Kamfanin Alexa ya fitar da tasa a 1997, Yahoo ya biyo baya a 1999, sai Google ya fitar da Google Toolbar a watan Disamba na 2000. Ƙaramar manhaja ce da kake saukewa, ta manne a jikin burauza, ta ba ka akwatin bincike da ke nan kullum ko wane shafi kake kai.

Kuma gaskiya ta yi aiki. Ta Google tana iya shafa wa kalmomin da ka nema launi a cikin dogon shafi, don kada ka wahala wajen nemansu. Tana iya yin bincike a cikin gidan yanar da kake kai kaɗai. A 2003 aka ƙara mata abin toshe tallace-tallacen nan masu faɗowa kan allo ba sallama, alhali Internet Explorer ba ta samu nata ba sai a watan Agusta na 2004. Daga baya aka ƙara gyaran kuskuren rubutu da fassara. Saboda haka in da a 2003 ka tambaye ni, da na ce maka ka ɗora ta.

A wannan zangon ne mu ma intanet ya fara shigo mana. A watan Agusta na 2001 wayar GSM ta fara aiki a Najeriya, kafe-kafe suka yi ta buɗewa a biranen da ke da manyan makarantu, irin Zariya mai Jami'ar Ahmadu Bello. Da hukumomin jarrabawa suka mayar da rajista da duba sakamako kan intanet, sai kafe ya zama dole har ga ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Yawancinmu a irin waɗannan kwamfutocin muka fara ganin intanet, shi ya sa muka ɗauka haka burauza take tun asali.

Me ya sa ake bayar da ita kyauta?

To, ruwa ba ya tsami banza. Ka tsaya a Tashar Yari ka kalli yadda 'yan kamasho ke aiki. Fasinja ya sauko, kafin ya ce uffan an karɓi jakarsa an nufi wata mota da ita. Ɗan kamasho ba shi da mota, abin da yake sayarwa shi ne kai, kuma direba ne zai sallame shi.

Haka injin bincike yake. Kuɗinsa daga talla yake fitowa: ka nemi abu, a nuna maka sakamako tare da tallace-tallace, ka danna ɗaya, mai tallar ya biya. Kenan duk wanda ya iya karkato da tambayarka zuwa wani injin, ya cancanci la'ada. Tulba ita ce ɗan kamashon da ke zaune a cikin burauzarka.

Abu na biyu da take samarwa shi ne bayani. Tulbar Alexa tana aika rahoton shafukan da masu amfani da ita suka ziyarta, da shi kamfanin ke jera gidajen yanar duniya daga wanda aka fi shiga zuwa ƙasa. Amazon ya sayi kamfanin a 1999. Ta Google tana da wani ɗan koren ma'auni mai suna PageRank, daga 0 zuwa 10, da ke nuna darajar shafi a idon Google. Kafin ta nuna maka wannan lambar, dole ta aika wa Google adireshin shafin da kake kai. Google ya faɗi haka a fili lokacin ɗora ta, amma mutum nawa ne ke karantawa?

Da kamfanoni suka ga ribar, sai suka daina jiran ka zo ka nema. A 2005 Google ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Sun don a riƙa raba tulbarsa tare da manhajar Java. A 2006 ya yi irin wannan da Adobe da kuma Dell mai ƙera kwamfutoci. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki a kan tulbar Google a waɗannan shekarun shi ne Sundar Pichai, wanda ya shiga kamfanin a 2004, yau kuma shi ne shugabansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba a ɗauki ɗan zirin nan da wasa ba.

Yadda abin ya lalace

Abu biyu ne suka faru kusan lokaci guda. Na farko, burauzoji suka haɗiye aikin tulba. Firefox ta fito a watan Nuwamba na 2004 da akwatin bincikenta a jiki. Internet Explorer 7 ta yi haka a 2006. A watan Satumba na 2008 Google ya fitar da Chrome, wadda ta haɗe wurin adireshi da wurin bincike suka zama ɗaya. Daga nan duk abin kirkin da tulba ke yi, burauza na yin sa da kanta.

Na biyu, la'adar ba ta tsaya ba. Tunda mutane sun daina buƙatarta, sai aka koma cusa musu ita. Dabarar mai sauƙi ce. Ka sauke manhaja kyauta, ta kallon bidiyo ko ta buɗe takardu. Wajen ɗorawa kana ta danna maɓallin ci gaba, ba ka lura ba a shafi na uku akwai ɗan akwati da aka riga aka yi wa alamar amincewa a madadinka. Kafin ka ankara an ƙara maka ziri, an canza shafin farko na burauzarka, an canza injin bincikenka. Tulbar Ask ta shahara da zuwa tare da Java a ƙarƙashin kamfanin Oracle, kuma duk sabuntawa sai an sake miƙo maka ita. Babylon da Conduit da MyWebSearch kuwa sun yi suna wajen wuyar cirewa.

Yanzu ka kawo wannan cikin kafe. Kwamfuta ɗaya, hannu da yawa a rana. Wannan ya sauke abin jin waƙa, wancan ya sauke wasa, wani ya kawo manhaja a filashi. Kowa ya bar zirinsa ya tafi. Allunan lokacin da yawa tsayinsu ɗigo 768 ne, kowace tulba kuma takan ci kusan ɗigo 25 zuwa 30. Biyar sun cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na allon, ban da abin da burauzar ta riga ta ɗauka. Kowacce kuma tana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana magana da kamfaninta ta layin intanet ɗaya da duk shagon ke rabawa. Mai shago na ƙona man janareto, kai kuma agogonka na tafiya.

Akwai abin da ya fi ɓata lokaci muni. Tulba a cikin burauza take zaune, don haka a fasahance tana iya ganin shafin da ka buɗe, ta kuma sauya abin da ke cikinsa. A 2015 masu bincike na Google da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka wallafa cewa kusan kashi 5.5 cikin ɗari na adireshin intanet da ke ziyartar shafukan Google suna ɗauke da manhajar da ke cusa tallan da mai shafin bai sa ba. A wannan aikin Google ya cire ƙananan manhajojin Chrome guda 192 da suka shafi mutum miliyan 14. Ka tuna a irin waɗannan kwamfutocin muke rubuta lambar katin jarrabawa da kalmar sirrin imel.

Ƙarshen tulba

A watan Disamba na 2013 Google ya kafa doka cewa duk ƙaramar manhajar da za a ƙara wa Chrome dole ta kasance mai aiki ɗaya bayyananne, abin da ya rufe ƙofa ga masu tattaro tarkace. A 2015 Microsoft ya sa manhajarsa ta tsaro ta riƙa ɗaukar tsofaffin nau'o'in tulbar Ask a matsayin abin da ba a so, tana cire su. Google ya daina tallafa wa tulbarsa a Firefox tun 2011, ya kashe koren ma'aunin nan a 2016, ya janye tulbar gaba ɗaya a watan Disamba na 2021. Alexa ya rufe a watan Mayu na 2022, Internet Explorer ta bi shi a watan Yuni.

A wajenmu kuwa waya ce ta gama da ita tun kafin nan. Opera Mini a kan ƙaramar Nokia, daga baya Android mai araha, suka sa matashin Ikara ba ya buƙatar zuwa Zariya don duba imel. Allon waya ba shi da wurin ajiye ziri. Ɗalibar Kwalejin Shehu Idris da ke Makarfi da ta fara intanet a waya, wataƙila ba ta taɓa ganin tulba ba.

Amma ɗan kamasho bai bar tasha ba

Cinikin da ya haifi tulba yana nan, ya ma girma. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin binciken da ke zuwa a saite a wayoyi da burauzoji. Apple ya karɓi dala biliyan 20 a 2022. A watan Agusta na 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya saɓa wa doka wajen riƙe kasuwar bincike. Abin da ake saye da wannan kuɗin shi ne ɗabi'ar da ta kai ni shafin talla a 2013: mutum yakan rubuta a akwatin da ya tarar a gabansa.

Dabarar shigar da abu a ɓoye ma tana nan. Burauzar da ta zo da wayarka tana watso maka labarai da talla ba ka tambaya ba. Manhajar tocila da ke neman izinin ganin lambobin wayarka. Manhajojin bashi da suka riƙa kwashe lambobin mutane suna tura wa 'yan uwansu saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta fara kai musu samame a 2022, Google kuma ya hana irinsu taɓa lambobi da hotuna a 2023. Duk da yardar mai waya suka shiga, yardar da aka karɓa a gurguje.

Saboda haka ga hukuncina. Daga 2000 zuwa wajen 2006 tulba ta yi amfani, domin ta ba mutane abin da burauza ta rasa. Bayan nan amfaninta ya koma ga mai ita, nauyinta ya koma kanka. In yau wani shafi ya ce ka sauke tulba, ka rufe shi kawai.

Kafin ka ajiye wayar, ka gwada abu uku. Shiga saitin burauzarka ka duba wane injin bincike ne a ciki, kuma kai ka zaɓe shi? In kana da kwamfuta, buɗe jerin ƙananan manhajojin da aka ƙara wa burauzar, ka cire duk wadda ba ka tuna lokacin da ka ɗora ta ba. Sannan ka duba waɗanne manhajoji ne ke da izinin ganin lambobinka da saƙonninka. In kuma dole ta kai ka kafe ko cibiyar rajista, ka rubuta adireshin hukumar da hannunka a wurin adireshi, ka fita daga akawun ɗinka kafin ka tashi daga kujera.