Jan Kifi da Masu Kai Baƙi Fatsa a Fadamun Luwiziyana

Ruwan bai kai gwiwa ba. In na leƙa daga bakin jirgin ina ganin laka da ciyawa da ɓawon kawa a ƙasa, kamar mai leƙa cikin ƙwarya. Tun da jijjifi muka bar Delacroix, wani ƙauyen masunta a kudu maso gabashin birnin Niyu Olins na Amurka, inda kwalta take ƙarewa, fadama ta karɓa. Da muka shiga wani lungu, mai jirgin, wanda kowa a can ke kira Kyaftin, ya kashe inji, ya hau wani ɗan dakali da aka kafa a saman injin, ya ɗauki sanda mai tsawon mutum uku ya fara tura mu a hankali. Na tuna masu kwalekwale a Yawuri, sai dai shi sandarsa ba ta gora ba ce, kuma kuɗinta ya isa sayen kwalekwalen.

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ƙarfe goma sha ɗaya, taku goma." Ni kuwa na dubi agogona. Ashe haka suke nuna wa baƙo inda kifi yake: hancin jirgi shi ne ƙarfe goma sha biyu. Da na ɗaga kai sai ga wutsiya ta ɓullo saman ruwa, ja kamar tagulla, da ɗigo baƙi a gindinta, tana kaɗawa. Kifin ya kafa kai cikin laka yana tonon ƙaguwa, bai san da mu ba. Na jefa, na yi masa nisa. Na sake jefawa, cokalin ƙarfen da ke matsayin koto ya faɗa masa a ka, ya bar mana ƙurar laka kawai.

Wannan shi ne redfish, jan kifi. Wani sunansa jar ganga, domin namijinsa na kaɗa tsoka a jikin jakar iskar da ke cikinsa, ta ba da amo irin na ganga, musamman lokacin zuba ƙwai a ƙarshen bazara da kaka. Rayuwarsa kashi biyu ce, kuma duk rigimar da aka yi a kansa daga nan ta taso. Shekaru uku zuwa biyar na farko a fadama yake yin su, cikin ruwan da gishirin teku ya gauraya da na kogi. In ya balaga sai ya fita teku ya shiga garken manya, waɗanda suke kira bijimai, kuma a can yana iya haura shekara 40. Mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa, a tsibirin Hatteras a 1984, ya ɗara kilo 42.

A da ba kifin masu kuɗi ba ne. Mutanen Delacroix na asali, jikokin waɗanda Sifaniya ta kwaso daga tsibiran Kanari tun 1778, da kamun jatan lande da ƙaguwa da ɗana wa dabbobin fadama tarko suka rayu, jan kifi kuwa ɗaya ne cikin abin da kalli ke kawowa. Sana'ar kai baƙo fatsa ma ba don shi aka fara ta ba. A Fulorida ta yi ƙarfi, tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da attajiran arewa ke saukowa da hunturu neman ƙaton kifin nan tarpon. Tura jirgi da sanda a ruwa marar zurfi, da hangen kifi kafin a jefa masa, masu kai baƙi a tsibiran kudancin Fulorida ne suka goge da shi. Daga baya salon ya iso fadamun Luwiziyana.

In ka tambayi mutanen can abin da ya kusa ƙarar da jan kifi, sunan mai dafa abinci za su faɗa maka. Paul Prudhomme, autan 'ya'ya 13 daga wata gona kusa da Opelousas, ya buɗe gidan abincinsa K-Paul's a Niyu Olins a 1979. Shi ya fito da girkin da ya zama annoba: a tsoma tsokar kifin a narkakken man shanu, a barbaɗe ta da yaji, a ɗora a kaskon baƙin ƙarfe da ya yi zafin da har ya fara fari. Cikin 'yan mintoci waje ya yi baƙi ƙirin, ciki na nan da taushi. Littafin girkinsa ya fito a 1984, kafin ka ce kwabo kowane gidan abinci a Amurka na neman jan kifi. Na fadama bai isa ba, sai manyan jirage suka bi bijimai cikin teku. Ƙaramin jirgin sama ya hango garke daga sama, ya kira na ruwa, a zagaye garken da taru, a tsuke bakin tarun ta ƙasa kamar bakin jaka. Iyayen da suka shekara 20 ko 30 suna zuba ƙwai aka riƙa kwashewa a yini guda. Kafin shekarun 1980 su ƙare, gwamnatin tarayya ta haramta kama shi baki ɗaya a ruwan da ke hannunta a mashigin tekun Mekziko, kuma har yau ba ta buɗe ba.

Labari ne mai daɗin faɗa, amma ni ban yarda kasko ne farkon zancen ba. Tun 1977, kafin K-Paul's ya buɗe ƙofa, wasu masu fatsar nishaɗi su 14 suka taru a birnin Houston suka kafa ƙungiyar kare gaɓar tekun, wadda yau ake sani da CCA. Shugabansu na farko, Walter Fondren, ɗan gidan arzikin man fetur ne. Kukansu shi ne masu kalli sun share musu ruwa. Aka yi ta fafatawa a majalisar jihar Tekzas, rikicin da har yau suke kira yaƙin jan kifi, har Gwamna Bill Clements ya sa hannu a dokar 1981 wadda ta hana sayar da jan kifin da aka kama a ruwan jihar. Ka kama da ƙugiya ka ci, ko ka saki, amma ba ka kai shi kasuwa. Luwiziyana ta dakatar da kamun sayarwa a 1988. A 1994 masu zaɓe a Fulorida, kashi 72 cikin ɗari, suka sa haramcin kalli cikin tsarin mulkin jiharsu. A 2007 Shugaba George W. Bush, ɗan Tekzas mai son fatsa, ya ƙara da umarninsa na hana sayar da wanda aka kama a ruwan tarayya.

Kifin ya dawo, wannan ba gardama. Tekzas ta gina gidajen ƙyanƙyasa tana zuba miliyoyin 'ya'yan kifi a ruwanta kowace shekara. Kuma a kan dawowarsa ne sana'ar Kyaftin ta tsaya da ƙafarta. Kifin da a da ake aunawa a sikeli a biya kuɗi kaɗan, yanzu likita ko lauya zai tashi daga wata jiha, ya kama masauki, ya biya ɗaruruwan daloli a yini don a kai shi inda zai gan shi. In ya saki, gobe wani ya sake biya a kan kifin nan dai.

Muna cin abincin rana a cikin jirgi na ce, "Kyaftin, kai a ina ka koyi ruwan nan?" Ya nuna wata ƙorama da haɓarsa. Ya ce a nan mahaifinsa ke kafa kalli, shi yana yaro yana cire kifi har tafin hannunsa ya tsattsage. Da doka ta zo, tsohon bai iya yi wa baƙo dariya a biya shi ba, sai ya koma kamun ƙaguwa har ya rasu. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tona ba.

A nan ne nake rabuwa da masu ba da labarin nan kamar na nasara zalla. An ceci kifi, amma an kuma raba shi: an karɓe shi daga hannun mai kama shi don ya ciyar da iyali, da matar da ke sayensa a kasuwa, aka miƙa wa mai jirgi da hutu. A Fulorida an sayi komar wasu, an koya wa wasu kiwon kifin ɓawo a Cedar Key, wasu kuma suka watse. Jan kifin da za ka ci a gidan abinci a Niyu Olins yau, galibi na kiwo ne. Waɗanda suka tsira da mutuncinsu su ne irin Kyaftin, da suka gane cewa abin da suka gada ba koma ba ce, sanin ruwa ne: wace ƙorama ce ke cika in iskar kudu ta taso, ina kifi ke fakewa in sanyi ya janye ruwa daga fadama. Sauran kuwa takarda ce. Hukumar tsaron gaɓar teku ba ta ba mutum lasisin ɗaukar fasinja shida sai ya nuna ya yi kwana 360 a ruwa, ya kuma ci jarrabawa.

Kayan aikin ba su da yawa. Sanda siririya mai lanƙwasa, zare marar kauri, cokali mai ruwan zinariya da aka yi wa kariya don kada ya sarƙe a ciyawa, ko jatan lande a ƙarƙashin wata toshiya mai ƙara in an fizga, wadda kifi ke ɗauka hayaniyar 'yan uwansa ce wajen cin abinci. Da gangan aka rage ƙarfin kayan, don kifin ya samu damar ja da kai. Masuncin da ke neman tuwon dare zai ce wannan wauta ce, kuma ba zan yi masa musu ba. Amma da la'asar, da nawa ya kama, ya ja zare har na'urar naɗin ta yi kuka, na manta da duk wannan. Kyaftin ya shimfiɗa shi a ma'auni: inci 24.

Ma'aunin nan doka ce. Tun watan Yunin 2024 Luwiziyana ta rage rabon mutum daga kifi biyar zuwa huɗu a yini, kuma sai wanda ya kai inci 18, wato kamu guda, bai wuce 27 ba. Bijimi dole a sake shi. Shi kansa Kyaftin ba shi da rabo in yana ɗauke da baƙi. Binciken hukumar kifi ta jihar ne ya nuna cewa ƙananan da ke tsira su fita teku sun yi kaɗan. Wannan karon babu mai kalli da za a nuna wa yatsa.

Sai kuma ita fadamar kanta. An ɗaure kogin Misisifi da ganuwa, ya daina zuba laka inda ya saba. Kamfanonin mai sun yanyanka fadama da magudanai, gishiri ya shigo ya kashe ciyawa. Daga 1932 zuwa yau jihar ta yi asarar ƙasa kimanin murabba'in mil 2,000. Guguwar Katrina ta 2005 ta kwashe Delacroix kusan ƙaf, malalar man 2010 ta rufe wa masu jirage ruwa wata da watanni. A hanyarmu ta komawa Kyaftin ya nuna mini allon na'urar da ke gabansa. Taswirar na cewa muna tafiya a kan tudu, mu kuwa muna tsakiyar ruwa, ko ciyawa ɗaya babu. Ya ce yana yaro a nan suke ɗaure jirgi su sauka su yi farautar zomo.