TARIHIN RADIYON MISHAN DA HARSHEN HAUSA, 1954-1990

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Arewa kafin zuwan talabijin ya san matsayin akwatin radiyo. Ni kaina na tashi na tarar da shi a zauren gidanmu, an rufe shi da ƙyalle don ƙura, ba mai taɓa shi sai maigida. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana yadda 'yan mishan suka kafa gidajen radiyo domin isar da saƙonsu ga mutanen karkara, da rawar da Hausa ta taka a cikin aikin, domin wani ɓangare ne na tarihinmu wanda ba a cika rubutu a kansa ba.

Dalilin Kafa Su

Ƙungiyar SIM ta iso Nijeriya a shekarar 1893, SUM kuma ta sauka a Wase a 1904. Sai dai gwamnatin Turawa ta taƙaita shigarsu ƙasashen sarakunan Musulmi. Ban da wannan, ga ƙarancin ma'aikata, ga rashin hanyar mota, da damina kuwa wasu garuruwan sai a yi watanni ba a kai gare su ba. An buga Littafi Mai Tsarki da Hausar boko a 1932, amma masu iya karanta shi ƙalilan ne. Radiyo kuwa ba ruwansa da kogi ko dutse, kuma ba ya buƙatar mai sauraro ya iya karatu.

Matsalar ita ce, a wancan lokaci gwamnati kaɗai ke da ikon mallakar gidan radiyo a Nijeriya. Saboda haka dabarar da aka yi ita ce a kafa na'urar watsawa a wata ƙasa, a yi amfani da gajeren zango, wanda sautinsa kan hau sama ya sauko a nisan dubban kilomita, sa'an nan a buɗe ɗakunan ɗaukar murya a wuraren da ake magana da harshen.

ELWA da Muryar Bishara

Gida na farko shi ne ELWA, wanda ya fara watsa shirye-shirye daga kusa da Monrobiya ta ƙasar Laberiya a watan Janairu na 1954, a ƙarƙashin SIM. Wasu matasa Amurkawa ne suka faro shi, gwamnatin Shugaba Tubman kuma ta ba su fili. Daga baya ya riƙa watsa shiri da harsunan Afirka ta Yamma da dama, har da Hausa.

Na biyu ya fi girma. Tarayyar Ikkilisiyoyin Lutheran ta Duniya ce ta kafa shi a Addis Ababa, aka buɗe shi a watan Fabrairu na 1963, zamanin Sarki Haile Selassie. Yana da na'urori biyu na gajeren zango, kowace mai ƙarfin kilowat 100. Tsarinsa shi ne abin lura. Ba a Habasha ake tsara yawancin shirye-shiryen ba. Ɗakuna ne a ƙasashe daban-daban suke ɗauka a tef su aika. Na Hausa yana Jos, shi ne ake kira Muryar Bishara. Na Fulatanci yana Ngaundere ta Kamaru, sunansa Sawtu Linjiila. Ke nan murya takan tashi daga Jos a cikin tef, ta je Habasha, sa'an nan ta komo ta iska zuwa ƙauyen da bai fi tafiyar yini guda daga Jos ba.

Manufar gidan ita ce kashi 30 cikin ɗari na lokacin ya tafi ga wa'azi, sauran kashi 70 kuma ga labarai da ilimantarwa, kamar kiwon lafiya da aikin gona. Wannan ya sa ba Kirista kaɗai ke kama tashar ba. Hanyar da ake sanin ko saƙo ya isa kuwa ita ce wasiƙun masu sauraro.

Yadda Suka Durƙushe

Raunin wannan tsari shi ne, na'urar tana ƙasar wasu. An tumɓuke Haile Selassie a 1974, a watan Maris na 1977 kuma gwamnatin soja ta ƙwace gidan, ta mayar da shi muryar juyin juya hali. Dare ɗaya ɗakunan Jos da Ngaundere suka wayi gari da tef a hannu ba inda za su aika, dole suka nemi wasu tashoshi. ELWA kuma yaƙin basasar Laberiya ya ragargaza shi a 1990, aka sake yi masa ɓarna a 1996. Ko da Nijeriya ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen radiyo a 1992, dokar ta hana ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi. Shi ya sa tsohuwar dabarar ba ta mutu ba: a 2008 Trans World Radio ta buɗe tasha kusa da Faraku ta Jamhuriyar Benin.

Kammalawa

A nawa nazarin, muhimmancin wannan tarihi ya wuce batun addini ɗaya. Waɗannan gidaje sun yi zamani da Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da Radiyon Kaduna na 1962, inda dubban Musulmi suka saurari tafsiri. Dukkansu sun taimaka wajen mayar da Hausa harshen da kabilu da yawa ke taruwa a kansa. A cikin tef-tef ɗin mishan akwai waƙoƙi da Hausar mutanen Filato da Adamawa ta wancan zamani. Tef kuwa yana lalacewa, waɗanda suka yi aikin kuma suna ƙarewa. Ina kira ga wannan hukuma da ikkilisiyoyin da abin ya shafa su haɗa kai a nemo abin da ya rage, a kwafe shi a kwamfuta, a kuma yi hira da dattawan tun suna da rai.