Daga sallahun direba zuwa kiran WhatsApp

Dattawan wannan ƙungiya ba su manta da zamanin da farashin wake a Maraɗi yake isowa Dawanau ta bakin direban babbar mota ba. Ka ba da sallahu yau, amsa ta dawo jibi, kafin nan kasuwa ta juya. Akwai tarhon NITEL, amma mutum nawa ne ke da layi?

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka kawo salula Najeriya, a shekarar kuma Celtel ta fara aiki a Nijar. Murna ta yi murna, sai dai iyaka ta biyo mu har cikin wayar. Jibiya da Maraɗi maƙwabta ne, amma da ka danna +227 kuɗin kiran ƙasar waje za a cire maka. A nan muka ƙware da filashin, da yawo da layi biyu, ana sauya sim a Magama ko Ɗan Isa. Tsarin One Network da Celtel ta shimfiɗo ƙasashen biyu a 2007 ya rage raɗaɗi, ga masu layinta kaɗai.

Abin da ya karya wannan shinge shi ne kira ta intanet. WhatsApp ta kawo saƙon murya a 2013, kira a 2015, na bidiyo a 2016. Tunda muryar ta data ko Wi-Fi take bi, babu ruwanta da ƙasar da abokin maganarka yake. Kwanni da Kumasi duk kuɗinsu ɗaya. A ganina saƙon muryar ya fi kiran yi mana amfani, domin ya shigo da Alhajin da bai yi boko ba, kuma maganar tana nan ajiye ranar da aka yi musu kan farashi. Da bidiyo kuwa ana duba rago a Maigatari mai saye yana Legas.

An ga amfaninsa lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023: kaya sun tsaya, amma ana bin bashi, ana riƙe abokan ciniki. Rauninsa ya bayyana a Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga. Babbar waya ta zama kwalliya a aljihu, mutanen bakin iyaka suka koma neman sabis da layukan Nijar.