Daga Ɗakin Haihuwa Zuwa Daji: Tarihin Zarto Mai Inji

Idan ka taɓa wucewa ta wurin masu sayar da itacen girki, ko ka ga ana sare wata tsohuwar darbejiya da ta jingina da katangar gida, to ka san ƙarar zarto mai inji. Kafin ka sha ruwa ka ajiye moɗa, kututturen da zai ci wa mai gatari rabin yini ya zama gunduwa-gunduwa. Abin da watakila ba ka sani ba, mai karatu, shi ne kakan wannan inji likitoci ne suka ƙera shi, kuma ƙashin mutum aka yi shi ya yanka. Sanin tarihin nan yana da amfani ga duk mai niyyar saye ko riƙe injin, domin kusan kowane sashe na jikinsa an ƙara shi ne bayan wata matsala ta wahalar da mutane, wani lokacin ma bayan an zubar da jini.

Sarƙar likitoci

A ƙarni na 18, idan haihuwa ta zo da gardama, kan jariri ya ƙi wucewa, likitan Turai ba shi da zaɓi mai daɗi. Tsaga ciki a ciro jariri kusan hukuncin kisa ne ga uwar, saboda ba a san ƙwayoyin cuta ba, kuma maganin sa barci bai shigo aikin tiyata ba sai a 1846. A shekarar 1777 wani likitan Faransa, Jean-René Sigault, ya gwada wata hanya a birnin Paris: ya raba guringuntsin da ya haɗa ƙasusuwan mara ta gaba, don ƙugu ya ɗan buɗe. Aiki ne da ake yi da wuƙa, mace tana ji tana gani, don haka kowace daƙiƙa azaba ce.

Wajen shekarun 1780, likitoci biyu na ƙasar Sikotland, John Aitken a Edinburgh da James Jeffray a Glasgow, suka fito da siririyar sarƙa mai kama da ta agogo, mai haƙora a gefe ɗaya da mariƙi a kowane ƙarshe. Ana zura ta bayan ƙashi, a riƙa ja hagu da dama. Aitken ya sa hotonta a littafinsa na ungozomanci a 1785, shi kuwa Jeffray ya fi amfani da ita wajen cire ƙashin gwiwa ko gwiwar hannu da ya ruɓe, maimakon a yanke gaɓar baki ɗaya.

A 1830 ne wani Bajamushe, Bernhard Heine na birnin Würzburg, ya haɗa bakin sarƙar biyu ta zama zobe, ya ɗora ta a kan siririn ƙarfe, ya sa mata hannun murzawa. Kana murzawa sarƙa tana kewaye ƙarfen ba tsayawa. In ka ga hotonsa za ka rantse ƙaramin injin yankan itace ne. Daga baya likitoci sun koma ga zarton waya da Leonardo Gigli na Italiya ya fito da shi a 1894, amma dabarar sarƙa mai kewaya ƙarfe ta riga ta shigo duniya.

Injin da sai mutum biyu

A daji kuwa, har farkon ƙarni na 20 gatari ne da dogon zarto na mutum biyu, wanda masaran Amurka suka yi wa laƙabi da bulalar wahala. A 1905 Samuel Bens na San Francisco ya yi rajistar zarto mai sarƙa don sare manyan itatuwan California. A 1918 James Shand na Kanada ya yi rajistar wanda ake iya ɗauka. Duka biyun ba su yi kasuwa ba. Matsalar ita ce inji: wanda yake da ƙarfin jan sarƙa cikin ɗanyen itace ya fi ƙarfin ɗauka.

A Jamus aka fara cin nasara. Andreas Stihl ya ƙera mai amfani da lantarki a 1926 a Stuttgart. A 1927 Emil Lerp ya fito da mai shan fetur, ya gwada shi a kan dutsen Dolmar, ya kuma sa wa kamfaninsa sunan dutsen. Stihl ya biyo da nasa na fetur a 1929. Kada ka ɗauka irin na yau ne. Kowannensu ya haura kilo 40, kusan buhun siminti ke nan, kuma sai mutum biyu, ɗaya a wajen inji, ɗaya a ƙarshen dogon ƙarfen da sarƙa ke kewayawa, wanda za mu kira takobi saboda kamanninsa. Ga kuma wata matsalar: kafireton wancan zamani ba ya aiki in an karkata shi, sai mai ya zube ko inji ya mutu. Don haka in za a kayar da itace a tsaye, takobin ake juyawa, a bar injin yadda yake.

Wani abu daga wancan zamani yana nan har gobe: injin mai bugu biyu ne, irin na ƙaramin janareto da ake haɗa wa fetur da man inji a tanki guda. An zaɓe shi ne don ba shi da nauyi kuma ba shi da kaskon mai a ƙasa da zai zube in an kifa shi. Ma'anar wannan gare ka ita ce man da ka zuba cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin. Yawancin injinan yau kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai suke so, wato mililita 100 na man 2T a lita 5. Tsofaffin injina, ko mai maras inganci, sukan bukaci 25 da 1, don haka ka duba abin da takardar injinka ta ce. Zuba tsurar fetur ko sau ɗaya ya isa ya ƙone fistin cikin 'yan mintoci. Haɗin da ya wuce wata guda a jarka shi ma yana lalacewa ya toshe kafireto.

Darasi daga tsutsa

Sarƙoƙin farko kwaikwayon haƙoran zarton hannu ne. Karce itace suke yi, suna saurin dakushewa, kuma wasa su aiki ne na gwani. Wani masari a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Buford Cox, ya gaji da wannan. Wata rana a 1946 ya tsaya kallon tsutsar wani ƙwaro, mai girman yatsa, tana cin kututture. Ya lura haƙoranta biyu lanƙwasassu ne, tana yanka da na dama sannan na hagu, tana fizgo itacen ɓarɓashi-ɓarɓashi. Ya koma gida ya kwaikwayi wannan da ƙarfe, a 1947 ya fara sayar da sabuwar sarƙar daga ɗakin ƙasa na gidansa a Portland. Kamfanin Oregon ya samo asali daga nan, kuma kusan duk sarƙar da za ka gani a kasuwa yau jikar wannan ce.

Ɗauki sarƙa ka duba, inji a kashe. Za ka ga haƙori ɗaya yana kallon dama, na gaba yana kallon hagu, kowanne kamar ƙaramin kurfi. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu. Wannan tudun shi ke ƙayyade zurfin cizon, kuma a yawancin sarƙoƙi yana ƙasa da bakin haƙorin da milimita 0.65 kacal. In ka riƙa wasa haƙora ba ka rage tudun ba, sarƙa za ta daina ci. In ka rage shi fiye da kima, za ta riƙa cafkar itace tana fizgar ka. Ana wasa haƙoran da zagayayyen magagari mai daidai girman sarƙar, yawanci a kusurwar digiri 30, ana turawa daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadi ɗaya.

Ta yaya za ka san lokacin wasawa ya yi? Dubi abin da ke zubowa. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa, kuma da kanta take shiga itace. In ka ga gari kamar na tuwo, kana dannawa da ƙarfi, ko hayaƙi na tashi, ta dakushe. A ƙasarmu wannan yana zuwa da wuri, domin yashi da ƙurar hunturu suna maƙale a ɓawon itace, itatuwa irin su kirya da marke kuma tauri gare su. Taɓa ƙasa na daƙiƙa ɗaya ma ya isa. Ƙurar nan dai ita ce ke toshe matatar iska, don haka a share ta kullum bayan aiki.

Mutum ɗaya, da sabon haɗari

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa biyu daga sana'ar jiragen sama suka sauya komai: ƙarafa marasa nauyi irin su alminiyom da magnesiyom, da kafireto mai fatar roba da ke aiki ko an kifa shi. A 1949 kamfanin McCulloch na Amurka ya fitar da inji mai kimanin kilo 11 da mutum ɗaya ke riƙewa. A 1959 Stihl ya fitar da Contra mai kilo 12, a shekarar ce kuma Husqvarna na ƙasar Suwidin ya shiga sana'ar.

Sauƙin ya zo da kuɗinsa. Masaran da suka shekara suna riƙe da inji mai karkarwa sun fara ganin yatsunsu na yin fari suna mutuwa, musamman cikin sanyi, domin karkarwar tana lalata jijiyoyin jini da na ji. A shekarun 1960 aka fara raba mariƙi da inji ta hanyar roba da sifirin. Kunne ma bai tsira ba: ƙarar injin ta haura desibel 100, alhali a wannan mataki minti 15 a rana ya isa ya fara cutar da ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Mafi muni shi ne harbin baya. Sarƙa tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. In saman hancin takobi ya taɓa reshe ko ya maƙale, duk ƙarfin nan sai ya wurgo takobin sama zuwa fuska da wuyan mai riƙe, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu jarumin da zai iya kaucewa. A farkon shekarun 1970 aka fito da birkin sarƙa, wannan shingen da ke gaban hannun hagu. In inji ya harbo, shingen yakan bugi hannu ko ya faɗa da kansa, sarƙa ta tsaya nan take. Daga baya aka samu wandon kariya mai dogayen zaruruwa a ciki, waɗanda ke cusa kansu cikin haƙoran da ke jan sarƙa su tsayar da ita.

A nan ne tarihi ya shafi zaɓinka kai tsaye. Babban injin da ya fi yawo a dazuzzukan Afirka ta Yamma, samfurin 070 da kwaikwayonsa, zuriyar Contra ne. Yana da ƙarfi, yana jure wahala, kowane makanike ya san shi, amma tsarinsa na asali ya girmi birkin sarƙa, kuma an yi shi ne don manyan gungume. In itacen girki ne bukatarka, inji mai cc 35 zuwa 45 da takobin santimita 35 zuwa 40 ya wadatar. Bai da nauyin da zai gajiyar da kai, gajiya kuwa ita ce uwar haɗari. Kafin ka biya, gwada birkin, ka tambayi inda ake samun sarƙa da fulogi da matatar iskarsa. Wajen aiki, riƙe da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙi, kada ka yanka sama da kafaɗa, kada ka yanka da hancin takobi, kuma kada ka shiga daji kai kaɗai. Sarƙa ta zauna daram a jikin takobi amma ta jawu da hannu mai safa. Ka cika tankin man sarƙa duk lokacin da ka cika na fetur, kuma ka guji baƙin man da aka juye daga mota, domin yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadaran da ke iya jawo ciwon daji.

Saurin inji, jinkirin itace

Akwai haɗarin da birki ba ya tarewa. Gatari yana da iyaka: ƙarfin mutum. Inji ya cire wannan iyakar, amma bai ƙara wa ɗorawa ko kaɗanya saurin girma ba. Kaɗanya takan shafe shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, inji kuwa zai kayar da ita kafin shayi ya huce. Ghana ta ga haka, a 1998 ta haramta tsaga katakon sayarwa da zarto mai inji, duk da cewa har yau irin wannan katako bai bar kasuwannin ƙasar ba. A ɗaya gefen, manoman Maraɗi da Zinder tun shekarun 1980 sun nuna wata hanya: su bar tohon da ke fitowa daga kututture, su zaɓi masu ƙarfi, su riƙa sassabe rassa don girki. Da wannan aka dawo da itatuwa a miliyoyin hektoci na gonaki a Nijar.

Saboda haka in inji ya shigo hannunka, fara da busasshen itace da wanda iska ta kayar da rassan da suka yi yawa, ka kuma nemi izinin hukumar gandun daji kafin ka taɓa mai rai. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka faskara shi ka jera a inda iska ke ratsawa har ya bushe, zai fi zafi, ya rage hayaƙin da mai girki da yaron da ke bayanta suke shaƙa, kuma abin da za ka yanka a shekara zai ragu.